A Takarda 'Yar Yaya Ce

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

'Yata Naja ce ta nuna min wurin rubutun nan a waya, wai in riƙa rubuta duk abin da na gani a jirgi don kada in manta. To ga shi na fara tun ban ga jirgin ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa.

An kwantar da Metires, malamar makarantar nan ta gidanmu. Ranar Juma'a ta yanke jiki ta faɗi a aji gaban yara, a taksi aka kai ta asibiti. Sun ɗauki hoto, sun ga abin da suka gani. Likita ya ja ɗana Abdu gefe suna ta Faransanci ƙasa-ƙasa, ni da Yaya Hawwa muna tsaye muna kallon bakinsu. Da Abdu ya dawo ya ce aiki za a yi mata, kuma ba irin wanda ake cewa bari sai bayan damina ba ne. Ya faɗi kuɗin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ni kuma ga akwati a bayan ƙofa, tun makon jiya na gama shirya shi. Atamfofi, yaji, kuka da daddawar Naja. 'Yar jaka koriya kaɗai na bari a samansa, ta maganin tansiyona, hawan jini, da nake sha kullum da safe. Ranar 25 jirgin sama zuwa Marseille wurin Naja, daga nan mu shiga jirgin ruwa, irin na yawon nan mai bene-bene da ake ci a sha a kwana a ciki. Ni Dije mai ƙosai ta New Bell!

Wasa fa na yi. Shekarun baya muna cikin taksi a kan gadar Wuri na hango manyan jiragen nan, na ce kafin in mutu sai na shiga ɗaya na ga inda suke zuwa. Yarinya ta riƙe a ranta. Tana can tana wanke tsofaffin Turawa tana tarawa, duk abin da ta tara a kan tafiyar nan ta zuba.

Ba inda za ni.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Naja ta kira. Na ce mata na fasa, ina jira ta yi kuka, sai ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki, ai na sa asirans." Wai wani kuɗi ne ta biya a kan biyen, wato tikitin, in ciwo ya kama ɗanki ko 'yarki kafin ranar tafiya, sai su mayar miki da kuɗinki duka, na jirgin sama da na ruwa. Ta ce suna mayarwa za ta turo, ko sisi ba za ta taɓa ba. Abdu ya ce kuɗin zai isa aikin, har ya ɗan yi saura.

Yau duk wanda ya sayi ƙosai sai da na yi masa gyara har 'yan bensikin, masu babur ɗin haya, suna tambaya ko aure zan yi.

Na kai musu abinci asibiti. Mutum ɗaya ake bari ya kwana da mara lafiya, Yaya ce. Ita ya kamata ai. Ni na miƙa kula daga bakin ƙofa kamar kullum.

Bari in rubuta, tunda waya ba ta da ido. Metires ce 'yata ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko a nan ba zan rubuta shi ba, haka muka tashi muka gani. Da aka yaye ta, Innarmu ta ɗauke ta ta miƙa wa Yaya, don Allah bai ba Yaya haihuwa ba. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kowa a unguwa ya sani, ita ma ta sani. Yaya take kira Inna, ni kuma Tanti. Tun da aurenta ya mutu a ɗakin Yaya take.

Ta hango ni ta ce, "Tanti, ƙofar ce ba ta da lafiya kike gadinta? Shigo mana."

Na ce, "Sauri nake."

"An ce kin fasa tafiya. Wa ya ba ki izini?"

"Ci abincinki."

"Ki tafi mana ki ɗauko min Bature mai kuɗi, ko tsoho ne."

Yaya ta ce, "Ji mara kunya, a kwance ma bakin bai mutu ba."

Muka yi dariya. Ba ta ci ba dai. Cokali biyu.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan La'asar

Bari in bi a hankali.

Mun je ajans, ofishin masu sayar da biye, a Akwa, ni da Abdu, inda Naja ta ce su ke karɓar takardu su tura Faransa. Sanyin na'ura har cikin ƙashi. Wata Madam mai gilashi, tana da kirki wallahi, har ta ba ni kujera. Abdu ya miƙa takardar likita, fasfo nawa, da akt, takardar haihuwar Metires. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗora yatsa a wani layi ta juya wa Abdu takardar.

Na ga fuskarsa ta canza. Na ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Mama, sunan Inna Hawwa ne a wurin uwa."

Na ce to sai me? Marigayi mijin Yaya ne ya je meri, ofishin magajin gari, ya yi takardar lokacin da za a sa ta makaranta, ya rubuta sunansa da na matarsa. Wa zai rubuta da? Su ne iyayenta a gida.

Abdu ya yi wa Madam bayani, dogo. Tana ta gyaɗa kai. Ta ce su ma a ƙauyensu ana yi, ita kanta a hannun ƙanwar babanta ta girma. Amma waɗanda ke can takarda suke karantawa. Miji yana ciki, 'ya'ya, iyaye, 'yan'uwa ciki ɗaya. 'Yar 'yar'uwa ba ta ciki.

Na ce wa Abdu, faɗa mata ni na haife ta. Ban san lokacin da maganar ta fito ba, gaban ɗana. Kunya kamar in nutse.

Madam ta cire gilashi ta dube ni ta ce, "Mami, ashia. For paper, no be your pikin."

Na ce to su riƙe jirginsu su ba ni kuɗin, ai ban shiga ba, ban ci musu ko loma ba. Ta ce lokaci ya matso da yawa, in na fasa haka kawai abin da zai dawo bai kai a faɗa ba. Muna tashi ta ƙara wata magana ga Abdu tana tattara takardu. Bai fassara min ba. Amma na yi aji huɗu a ekol, na ji. Ta ce sai dai in Maman ce da kanta aka kwantar.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Abdu ya tambayi wani abokinsa da ke aiki da lauya. Wai ana gyara akt a kotu, amma watanni ne. Kuma in aka taɓa shi, duk takardun karatunta da na aikinta sun tashi, don duk a kansa aka gina su. Kuma sai Yaya ta tsaya gaban alƙali ta ce da bakinta ba ita ta haife ta ba.

Na ce masa duk wanda ya faɗa wa Yaya maganar nan ban yafe ba.

Liman ya yi sanarwa, an tara abin da aka tara, Allah Ya saka. A kan allurai da ruwa ya ƙare kafin Magariba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Ruwa tun Asuba, kwata ta cika ta shigo tsakar gida. Ban soya ba. Na ɗora akwatin a kan gado na zauna kusa da shi.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan Azahar

Naja ta ce akwai wata abokiyar aikinta da ke son shiga jirgin a madadina. Ana iya canza suna a biyen jirgin ruwa, amma matar rabi kawai za ta iya biya, na jirgin sama kuma ya tafi kenan. Kuma sai an yi kafin ranar 21, bayan nan ba sa canzawa.

Na ce rabi ba zai yi ba. Rabin aiki za a yi mata?

Ta ce, "Mama, rabi ya fi babu."

Na ce ki dakata.

"In dakata me?"

"Ina da hanya."

"Wace hanya? Mama, in masu buga takardar likita ta ƙarya ne a Nkololoun, wallahi kada ki fara, ni za a kama a nan."

Na ce ni ba na ƙarya. Kuma gaskiya na faɗa mata. Ba ƙarya zan yi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Asuba

Ban buɗe 'yar jakar maganin ba yau.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan Asuba

Yau ma.

Na ci kifin gishiri da rogo. Shekara nawa rabona da shi. Bai yi min daɗi ba ma.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Ƙeyata kamar an ɗora turmi. Da kyau.

Na je karatun mata a Islamiyya. Malam ya ce akwai mai tambaya, har na gyara mayafi zan ɗaga hannu, sai na fasa. Na san abin da zai ce. Ni ba mutuwa nake nema ba, Allah Shi ne shaida. Gado kawai nake so na 'yan kwanaki, da takarda mai hatimi. Daga nan in ci gaba da sha.

Metires ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Likita ya tambayi Abdu yaushe za a kawo kuɗin. Yaya ta tare ni a baranda ta ce, "Dije, ina maganar kuɗin Naja?" Na ce suna kan aiki, Turawa ne, sai a hankali. Ta ce, "To Allah Ya sa su hanzarta. Jiya ba ta yi barci ba, sai juyi." Ta ce idona ya yi ja. Na ce hayaƙin murhu ne.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da hantsi

Na ƙona kasko biyu. Ina kallon ƙosan yana baƙi, hannuna ya ƙi zuwa. Wasu ƙananan taurari na yawo a gaban idona. Wani ɗan bensikin ya ce, "Hajiya, gawayi kika koma sayarwa?" Na zage shi. Ban taɓa zagin mai saye ba.

Ni na yi naƙudar nan. Ni, ina yarinya ƙarama, a ɗakin Innarmu, ruwan sama na zuba ta kwanon rufi. Da aka ɗauke ta nonona ya kumbura har zazzaɓi, ina jin kukanta ta katanga, ba damar in leƙa, sai a ce ba ni da kunya. Na yi kunyar. Shekara da shekaru ina yi. Ranar da ta ci jarrabawa ina bayan ƙofa, ranar aurenta ina wurin tukunya. Ban taɓa neman komai ba. Sau ɗaya tak na zo in ce tawa ce, don in biya a cire mata abin nan, sai a nuna min layi da yatsa.

Ita kuma tana can ta baje tabarma kusa da gado, ita ce uwa.

Astagfirullah. Astagfirullah. Yaya ba ta yi min komai ba. Yaya ta sayar da 'yan kunnenta jiya, ban ma sani ba sai da na ga zare a kunnen.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je ƙaramin asibitin Nkololoun ni kaɗai. Wata yarinya nas ta ɗaura min abin awo a hannu, ta dube ni ta ce ya hau sosai, ina shan magani? Na ce ina mantawa. Na ce ko za a ba ni gado? Ta ce a'a Maman, ki je gida ki sha maganinki ki huta, ki dawo Litinin.

Bai kai ba kenan.

Na biya kuɗin awo a banza.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan Magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Likita ya ce ba zai ƙara jira ba, Talata zai yi aikin in an kawo wani abu daga cikin kuɗin, kuma a kawo mutanen da za su ba da jini. Abdu ya zo da abokansa biyu. Na ce ni ma zan bayar. Yaya ta rako mu, ita ba a karɓar nata, shekaru da sukari.

Wallahi da murna na shiga ɗakin nan. Na manta da komai. Ba wanda ya ce ina akt, ba wanda ya ce ke wace ce a wurinta. Suna kawai da shekaru, sai ka miƙa hannu. Na nannaɗe hannun riga tun kafin a ce. Na ce a raina, wannan dai nawa ne, zai shiga jikinta ko na wani a madadinta, ba Baturen da zai hana.

Nas ɗin ya ɗaura abin awo. Ya sake. Ya canza hannu. Ya kira wata ta zo ta duba. Sai ya ce, "Maman, ba jini za ki bayar ba, zama za ki yi a nan kada ki motsa. Yaushe rabonki da magani?"

Na sunkuyar da kai.

Yaya tana bakin ƙofa da sandarta. Ba ta jin Faransanci, amma ta san fuskata tun ina tsumma. Ta ce, "Dije. Dube ni."

Na ƙi.

"Abdurrahim, me ke faruwa a gidan nan da ban sani ba?"

Yaro ya dube ni, ya dube ta. Ina ganin lokacin da ya gane, bakinsa ya buɗe. Ya ce, "Mama, maganar Madam ce? Kin ji ashe?" Ya dafe kai. Ya ce, "Mama, ba sa biyan ciwon da mutum yake da shi tun kafin a sayi biye! Yana rubuce! Tansiyonki shekara nawa? Ko faɗuwa kika yi, ko ɓarin jikinki ya shanye, ko sisi ba za su bayar ba!"

Ko sisi. Duk ciwon kan nan.

Daga nan ya faɗa wa Yaya komai, akt, layi, kotu, duka. Na ce ban yafe ba, ya ce to kada ki yafe.

Yaya ta gama ji. Sai ta tako ta zauna a kan bencin, ta ce, "Ni na goya ki kafin in goya ta, ko kin manta? So kike in shimfiɗa tabarma biyu? Da wane bayan?"

Na ce, "Yaya, ba ni da abin da zan ba ta."

"Sai ki ba ta gawa? Ta farka daga aiki a ce mata ga abin da Tanti ta kawo miki?"

Na fashe da kuka gaban abokan Abdu, gaban nas, gaban kowa.

Ta ce, "Yi mai isarki. Kai kuma ka tsaya kamar sanda, karɓo maganin." Da hannunta ta sa min a baki, ta ce buɗe in gani, kamar yarinya. Sun riƙe ni a wani ɗaki har yamma suna awo. Gadon da nake ta nema, ga shi na samu, ba abin da zai saya.

Jinin kuma ba su karɓa ba. Wannan ne ke cina. Abu ɗaya da aka ce kawo ba tare da takarda ba, ni da hannuna na lalata shi.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Naja na ce ta ba matar. Abdu ya riga ni faɗa mata. Ba ta gaishe ni ba ma.

Ta ce, "Mama, kullum ina ɗaga mutanen da wannan abin ya kayar. Ina ba su abinci a baki, ina share musu yawu. Kin san haka. Ni kike so in dawo in yi miki?"

Na ce yi haƙuri.

"Ni jirgin nan don ki huta na saya."

Na ce na sani.

Can ta ce matar ta yarda za ta biya gobe da safe. Ta ce ɗakin yana da 'yar taga mai kallon teku, ita ta zaɓa min, ta so ta ba ni mamaki. Na ce Allah Ya yi miki albarka.

Matan adashinmu sun yarda in ɗauka kafin layina. Abdu zai roƙi patron ɗinsa albashin gaba. Yaya ta aika a ɗauki keken ɗinkinta. In aka haɗa da rabin Naja, likita ya ce zai shiga, sauran a biyo shi da shi.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan La'asar

Kuɗin ya shigo, Abdu ya kai kes, wurin biya na asibitin.

Ashe da safe Yaya ta sa shi ya kai ta Akwa. Ya ce mata ba amfani, ta ce ko na jirgin sama ne a gwada. Shi ya ba ni labari. Wai ta hau benen nan da sandarta tana hutawa, ta ƙi zama, ta tsaya gaban teburin Madam ta ce, "Faɗa mata ni ce Hawwa ta cikin takardar. Ba ni na haife ta ba. Ban taɓa haihuwa ba. Ta rubuta in dangwala." Madam ta ce ba ta da inda za ta rubuta shi. Ta kawo mata ruwa a kofi. Yaya ta sha, ta yi godiya, suka sauko.

Tun da nake ban taɓa jin Yaya ta faɗi wannan maganar ba, ko a faɗa, ko a wasa. Ta je ta faɗe ta ga baƙuwa a banza.

Da na kai abinci na same ta tana taje wa Metires kai. Ba ta ce min ta je ba, ban ce mata na ji ba.

Ɗan bensikin da na zaga ne ya ba da jini a madadina. Abdu ya yi cigiya a bakin layi, shi ya fara ɗaga hannu. Wai a faɗa wa Hajiya ƙosan wata guda ne kuɗinsa, kuma ba mai gawayi ba.

Metires ta ce, "Tanti, matso." Na matso kaɗan. Ta ce, "Inna ta faɗa min lissafin da kika yi. Da a ajina kike, zéro zan ba ki, in sa ki durƙusa a rana."

Na ce, "Ke dai ki tashi, ki ba ni zéro ɗin."

Ta ce, "Tsoro nake ji, Tanti."

Na ce miyar ta yi gishiri? Kai, ni dai.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Sun shiga da ita. Ya Allah. Ya Allah. Ya Allah.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Tana numfashi. Bari in fara da wannan.

Jiya mun zauna a benci ni da Yaya tun safe, Azahar ta wuce, La'asar ta wuce. Carbinta ya tsinke, muka duƙa muna tsintar 'ya'yan a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Abdu ya tafi sayo wani magani da suka rubuta, sai ga likita ya fito, hula a hannu, ya ce, "La maman?"

Na nuna masa Yaya da baki, yadda na saba.

Yaya ta miƙe, ta yi taku biyu, ta tsaya. Ta ce, "Ke, zo ki riƙe ni, ƙafar ta ƙi." Na riƙe ta. Likita ya ce mutum ɗaya. Yaya ta ce masa, "Docta, e get two mami." Ya dube mu, ga gajiya a idonsa, ya matsa gefe kawai.

Ya ce ya cire abin da ya iya cirewa. Za a aika da shi a duba, sai sakamako ya dawo za a san abin da ke gaba. Na tambaye shi ta warke kenan? Ya ce Maman, yau dai ta fito. Bai ƙara ba. Sauran kuɗinsa na nan, adashi na nan, ban san ta inda za a fara ba. Ba yau ba.

Tana kwance da robobi a hanci da hannu, leɓenta duk ya bushe ya tsage. Ta buɗe ido kaɗan ta ce ruwa. Nas ta ce ba a ba ta, sai dai a jiƙa auduga a shafa mata. Yaya ta karɓa, hannunta na rawa, ruwan na zuba a kan zanen gado. Ta gwada sau biyu. Sai ta miƙo min ba ta ko dube ni ba.

Na tallafi haɓarta da hannun hagu. Rabona da taɓa fuskar nan tun ranar da aka yaye ta. Da ɗumi. Na shafa mata a hankali, tana tsotsar audugar.

Sai na ji wani abu a ƙarƙashin yatsana. Tabo ne, ɗan dogo, a can ƙasan haɓa inda ba a gani sai an ɗaga. Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta leƙo ta ce, "Au, wannan. Daga kan keken Baffanta ta faɗo, tana aji biyu. Ɗinki uku aka yi mata. Ta yi ihu har sai da masu gadi suka shigo."

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Akwai wani ma a gwiwa. Bari ta farka."